Motar Boris ta Bayan Katangarmu

Innarmu ba ta kiran yayana da sunansa. Ɗan fari ne, ita kuma mutuniyar Roni ce, daga gidan da ake riƙe kunyar ɗan fari da gaske, ba irin ta yanzu da ake yi a gaban baƙi a ajiye in sun tafi ba. In za ta ba shi abinci sai ta ajiye kwanon a bakin ƙofa, ta ce da ni a gaya wa wancan ga tuwonsa nan. In ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta amsa tana kallon murhu. Ni nake bi masa, don haka tun ina ƙarama ni ce bakinta ni ce ƙafarta a duk abin da ya shafe shi, kuma har ga Allah aikin yana gundurata.

Yaya yana da farfaɗiya. Yau ina iya rubuta kalmar, amma a gidanmu na Kazaure ba a furta ta. A lokacin kowa ya yarda cewa in yawun mai ciwon ya taɓa ka, ka ɗauka. Ba a cin kwano ɗaya da shi, ba a kuma son neman aure a gidansu. Babanmu mai fataucin fata ne, yau yana Babura gobe yana Gwiwa, kuma doka ɗaya ya kafa mana, cewa maganar nan kada ta wuce zaure. Abin da ya taimake mu shi ne ciwon ba ya faɗowa haka kawai. Sai Yaya ya fara tsayawa cak, ya ƙura wa wuri ɗaya ido, bakinsa yana motsi kamar mai taunar goro. In aka kama hannunsa a lokacin, yakan biyo mutum, sai an shigo da shi an kwantar a tabarma sannan jijjigar ta zo.

A bayan katangarmu akwai wani daɓen siminti mai faɗi, wanda aka yi don awon gyaɗa. Ba a daɗe ana amfani da shi ba fari ya zo, gyaɗa ta ƙi, masu awo suka kwashe sikelinsu suka tafi, suka bar wa awaki wurin. Shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ke nan, ana ta shimfiɗa kwalta, tifa-tifa suna wucewa da tsakuwa tun safe. Wani makanike mutumin kudu da ya zo tare da masu aikin hanya yakan zubar da tsofaffin boris, ƙarfen nan mai zobe da ƙananan ƙwallaye a ciki da ake cirewa daga ƙafar mota. Yaran unguwa suka gano cewa in ka sami katako, ka kafa masa boris ta gaba da ta baya, ka yi mota ke nan. Mutum ya ɗora gwiwa ɗaya a kai, ya riƙa tura ƙasa da ɗaya ƙafar, sai gudu. Da an taso daga makaranta, daɓen nan ya cika da yara har magariba.

Yaya ya fi kowa iyawa, kuma ba don yayana ne na faɗa ba. Yaron da a gida kullum ake ce masa kada ka hau bishiya, kada ka matsa kusa da wuta, kada ka leƙa rijiya, ga shi ya sami wurin da yake gaban kowa. Baba bai so ba, amma Inna ta ce da ni, a gaban Baban, ai gara nan da wani wuri. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ɗaya daga cikin boris ɗin motarsa yana da tsaga. Na sauran yara suna yin ƙuuu ne kawai, nasa kuwa a cikin ƙuuu ɗin akwai wani ƙas-ƙas-ƙas da ke bin juyawar ƙafar. Ni ban taɓa kula ba sai da na lura da Inna. Da la'asar ta yi sai ta jawo aikinta zuwa gindin katangar baya, ko tsintar shinkafa, ko kaɗi, ko gyaran kuka, alhali inuwar ɗakinta ta fi can sanyi. In kana mata magana a lokacin rabin hankalinta ne a wurinka. Ta san tsayawar hutu, wadda zai ja ƙafa a ƙasa, ƙarar ta mutu da sauri, sannan a ji ya juya motar. Ta kuma san ɗaya tsayawar, wadda motar za ta yi ta gangarawa ita kaɗai, ƙas ɗin yana yin nisa da juna, har ta je ta tsaya a ciyawa ba wanda ya juyo da ita. In ta ji wannan, ko kallona ba ta yi, sai ta ce in je in duba ko awaki sun fita. Sai in ruga ta ƙofar baya, in same shi a durƙushe yana tauna, in jawo hannunsa. Yaran suna dariya, suna cewa ga 'yar aike nan ta zo tafiya da direba, ba su san komai ba.

Wata rana makaniken nan ya ba Yaya sabon boris mai sheƙi, ya zo tsakar gida da murna yana neman dutsen da zai cire mai tsagar. Inna tana tankaɗe. Ta ce da ni, da muryar da ta tabbata ya ji, a gaya wa wancan na jikin bai mutu ba tukuna, almubazzaranci ba kyau. Yaya ya tsaya da boris a hannu. Bai taɓa musa mata ba, ranar ma bai musa ba, ya kai ya ba wani yaro. Da muka fita ya ce da ni shi dai ya san kunya ce, kowa ya gaya masa kunya ce, amma wani lokaci yana ganin Inna ko ya ɓata kwana biyu ba za ta lura ba. Na ce masa ƙarya yake. Ban iya yi masa bayanin da ya fi wannan ba, don ni ma a lokacin rabi-rabi na gane.

Tsallaken daɓen akwai gidan wani tsohon akawu da ya ajiye aiki. Mutum ne mai tsafta da son a san ya yi boko, kullum da rediyo a soronsa, yana sauraron labarai yana gyaɗa kai kamar da shawararsa ake mulkin ƙasar. Shi ya kai ƙara wurin mai unguwa cewa ƙarar boris ta hana shi sakat, ba ya jin rediyo, ba ya jin baƙo in ya yi sallama. Allah ya jiƙansa, ya riga mu gidan gaskiya, kuma na yi ta ƙoƙarin in yafe masa. Wasu ranakun ina iyawa.

Mai unguwarmu mutum ne mai raha, ba ya son yanke hukunci da ka. Ya ce tunda maganar sallama aka kawo, to a gwada da sallama. Da yamma ya je ya zauna a cikin soron akawu tare da dattawa, Baba ma yana nan don ranar bai fita kasuwa ba. Aka sa mai shayin bakin hanya ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama da muryarsa ta kullum, ba ɗagawa. Mu yara muka cika wurin, ni ina raɓe da tiren gyaɗa soyayya da Inna ta ɗora mini, wai in je talla, alhali na san abin da aka aike ni in gani.

Aka fara da boris. Aka ce yara su hau su yi iya gudunsu, kuma suka yi, don ranar ji suke duniya ta zo kallonsu. Mai shayi ya yi sallama, daga cikin soro aka amsa gaba ɗaya. Sai mai unguwa ya aika gidan da ke maƙwabtaka da akawu, inda ake shirin suna, ya ce mata su ci gaba da lugudensu. Taɓare suka sauka, mai shayi ya yi sallama, mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma sai da ya tambaya ko an yi ne. Ana cikin haka tifa ta wuce, mai shayi ya buɗe baki, mu da ke gefensa ma ba mu ji ba. Daga ƙarshe aka ce mai injin niƙa na kan kwana ya tayar da injinsa. Mai shayi ya yi sallama, ya sake, ya sake, har ya gaji ya leƙa ciki ya ce shi fa ruwansa yana tafasa. Aka tuntsire da dariya, har da mai unguwa. Kowa ya ji da kunnensa cewa a duk ƙarar da ke unguwar nan, ta boris ce ƙarama. Yaya ya dube ni yana murmushi, gumi yana zuba a wuyansa.

Akawu ya bari dariya ta lafa, ya gyara hularsa.

"Ranka ya daɗe, na ji," in ji shi. "Amma inji abincinmu yake niƙawa. Turmi tuwo ne. Tifa hanya take kawo mana. Wannan fa, me yake niƙawa?"

Sai na ga kawunan dattawa sun fara gyaɗawa. Wani ya ce gaskiya ne, ƙarar aiki daban, ƙarar wasa daban. Wani ya ce su da suna yara, a irin wannan lokaci suna gona. Wato gwajin nan duk da aka yi, aka hana mai shayi cinikinsa, na nishaɗi ne kawai. Tun daga ranar na daina yarda in babba ya ce ƙara ta dame shi. Sau da yawa ba kunnensa ba ne, ransa ne ba ya son ganin yaro yana jin daɗi a banza.

Mai unguwa dai bai so ya zalunci yara. Ya juya wurin Baba ya ce, Malam, katangarka ce ta fi kusa da daɓen nan, mutanen gida su suke wuni da ƙarar, a tambayo su, in sun ce ba ta dame su ba sai a bar yara. Baba ya yafito ni ya ce in shiga in tambayi innata. Na ajiye tire na ruga, zuciyata fes, don na san mun ci.

Na same ta a tsaye a gindin katanga, ta ji komai. Amma ba ita kaɗai ba ce. Matan maƙwabta sun shigo ta ƙofar baya don su ma su saurara, har da gwaggonmu, yayar Baba, wadda ba abin da ke wuce idonta. Na isar da saƙo da ƙarfi. Duk suka juyo suna kallon Inna, wata har tana murmushi, don kowa ya san wane ne sarkin daɓen. In ta ce a bar su, ta tsaya wa ɗan fari a gaban jama'a, abin da uwarta da kakarta ba su taɓa yi ba. In kuma aka ce don me, amsar ita ce kalmar da Baba ya hana. Na ga ta kama bakin zanenta ta murɗa.

"Ki ce duk abin da manya suka yanke," ta ce.

Na tsaya, na ce Inna. Ta ce ba ki ji ba ne. Gwaggo ta ce kai, wannan baiwar Allah akwai kunya, haka ake so. Na fita na faɗa kamar yadda aka ce in faɗa. Baba ya ce shi ma hakan ya fi masa, a ransa yana ganin in an hana daɓe yaron zai zauna a gida. Bai san abin da Inna take yi a gindin katanga ba, ba ta taɓa gaya masa ba, shi kuma ba mai zama gida da la'asar ba ne. Washegari aka zuba ƙaya a kan simintin.

Yaro ɗan shekara goma sha wani abu da ya ɗanɗana gudu ba ya zama a gida. Ba a yi mako ba suka gano sabuwar kwaltar da ta gangaro daga gefen dutse zuwa kwalbati, can bayan gari, inda ba gidan kowa balle a dami rediyonsa. Wurin ya ma fi daɓe daɗi, don ba sai ka tura ba. Baba ya hana, ya yi faɗa, ya yi duka sau ɗaya, sannan ya tafi kasuwa. Inna ba ta da bakin hanawa. Ta sa ni na gaya wa wancan cewa hanya ta motoci ce, ya ce in gaya mata ya ji, ya saɓi motarsa ya fita.

Ba ta daina jawo aikinta gindin katanga ba. Nan take zama, ba abin da ke zuwa sai kukan inji da na tifa. Wani lokaci tana cikin daka sai ta riƙe taɓarya a sama, ta karkata kai, sannan ta ci gaba. Ta riƙa aikena duba awaki ba dalili, ina zuwa can kwalbatin ina dawowa har ƙafata ta yi kanta, ina ƙunƙuni. Wata rana in same shi lafiya ya kore ni, wata rana in dawo ta sake tura ni. Sau biyu ciwon ya zo masa a gida da safe, muka ce Allah ya taimake mu. Ta rame a daminar nan, mata suna tambayarta ko ciki ne.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da hantsi, rana ta fito. Na dawo daga duba awakin ke nan, na ce mata yana nan yana wasa, ta ce to. Ta zauna tana tankaɗen garin da aka karɓo daga inji, wata maƙwabciya tana ba ta labarin abin dariya, kuma ta yi dariyar. Ba wani abu da ya faɗi, ba tsuntsun da ya yi kuka, gabanta bai faɗi ba. Ta sha gaya mini daga baya cewa wannan ne abin da ya fi ci mata rai, wai tana tankaɗe.

Yaran sun ce yana cikin gangarowa sai suka ga bai karya kan motar ba, ta sauka daga kwalta ta bi gefen kwalbati da shi. Ruwan da ke wurin bai kai gwiwa ba. Suka rugo suna dariya za su ɗago shi, sai suka ga yana jijjiga, kumfa tana fita a bakinsa. Ba su taɓa gani ba, amma an sha gaya musu abin da yawun nan yake yi. Suka ja da baya, wasu suka ruga gari neman babba. Kafin wani direban tifa ya tsaya ya shiga ya ɗago fuskarsa daga ruwan, an gama. Ban taɓa jin haushin yaran nan ba, abin da aka koya musu suka yi.

Da aka shigo da shi, Inna ba ta yi kuka ba. Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane. Ta shiga ɗaki ta zauna, mata suna shigowa suna yi mata gaisuwa, tana amsawa da sai haƙuri, kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Gwaggo tana ta yabon dauriyarta. Ni kuwa na yi kukan mu biyu, na yi birgima a tsakar gida, na ce a kira akawu ya zo ya ji ko wannan ƙarar ma ta dame shi. Aka toshe mini baki. Ya zo ta'aziyya kuwa, ya zauna a zaure ya yi addu'a mai tsawo, kuma na yarda har zuciyarsa ya yi ta. Har ya mutu bai san abin da ya cire daga kunnen Inna ba.

Bayan an share makoki, baƙi sun watse, wani yaro ya kawo motar ya jingine a zaure ya gudu. Katakon ya kumbura da ruwa, laka ta bushe a jiki. Na ɗauke ta zan kai bayan rumbu don kada Inna ta gani, sai ta ce in kawo. La'asar ce, Baba ya tafi masallaci, mu biyu ne a gidan. Ta kai ta gindin katanga ta zauna, ta kifa ta a cinyarta, ta sa bakin zane ta goge lakar da ke cikin boris ɗin nan mai tsaga, a hankali, har ya saki. Ta sa tafin hannu ta murza shi. Ya yi ƙas-ƙas-ƙas, ƙas ɗin yana yin nisa da juna, har ya tsaya.

Sai ta kira sunansa. Ba da ƙarfi ba, ko mai tsaye a bakin ƙofa ba zai ji ba, kuma injin kan kwana yana ta aiki. Ni da nake durƙushe a gabanta na ji. Ta faɗe shi daidai, da ɗan jan nan na ƙarshe da muke yi in muna kiransa cin abinci, kamar bakin da ya saba. Ta ɗan jira. Sannan ta sake murza boris ɗin.